Salon Tunani da Cuɗanyar Ɗaliban Injiniya a Karatun Intanet

A shekarar 1988 Robert Sternberg, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, ya kamanta tunanin mutum da gwamnati mai rassa uku. Akwai mai tunanin majalisa, wanda ke son ƙago hanyarsa. Akwai mai tunanin zartarwa, wanda ya fi son a ba shi ƙa'ida ya bi. Sannan akwai mai tunanin alƙali, mai auna aikin wasu.

Wannan bambanci yakan fito fili a ajin injiniya na intanet, irin wanda ya yawaita a 2020 sa'ad da annobar korona ta rufe jami'o'i. Alal misali, a ba ɗalibai uku zanen gada. Na farko zai yi ta kawo sababbin siffofi, na biyu ya duƙufa kan lissafin nauyin da ƙarfe zai ɗauka, na uku kuwa ya tono kuskuren kowa. Da yake ba sa ganin fuskar juna, sai gyaran na uku ya zama kamar cin fuska, shirun na biyu kuma a ɗauke shi lalaci, har aikin ya watse.

Saboda haka lalle ne malami ya raba wa kowa aikinsa tun farko, gwargwadon salon tunaninsa, domin gada ba ta tsayuwa sai da hannun ukun nan.