Mai Gadin da Ke Cikin Rauta

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke nan Ambursa ya san ba kowa ake bari ya wuce ƙofa ba. Sai an duba takarda. To, 'yan'uwana ɗalibai, irin wannan gadi akwai shi cikin rauta, wato ɗan akwatin nan da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, saboda haka ina ganin ya kamata mu san yadda ake tsare waɗannan na'urori.

Kowane saƙo da ke ratsa rauta yana ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Mai kula da na'urar yakan rubuta mata jerin dokoki: wannan a bar shi, wancan a hana shi. Masana suna kiran jerin ACL. A rautocin kamfanin Cisco, jeri mai lamba 1 zuwa 99 inda saƙo ya fito kurum yake dubawa, amma mai lamba 100 zuwa 199 yana duba har inda za shi da ƙofar da zai bi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan mai gadi ba ya tunani ko kaɗan. Daga sama yake karanta jerin, da zarar ya sami layin da ya dace da saƙon sai ya zartar, ba ya ko kallon na ƙasa. Malaminmu na kwamfuta ya ba mu misali. A ce layi na farko ya hana duk kwamfutocin makaranta isa ga wadda ake ajiye sakamakon jarrabawa, layi na biyu kuwa ya ce a bar ta malamin jarrabawa. Malamin nan ba zai taɓa shiga ba, domin tasa ma ta makaranta ce, layin farko ya riga ya tare ta. Maganin shi ne a ɗauko layinsa a sa shi bisa. Dokar mutum ɗaya a gaba, ta jama'a a baya.

Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ta, tana can ƙarshen kowane jeri: duk abin da ba a ambata ba, a hana shi. Nan mutane da yawa ke faɗawa. Mutum ya buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, waɗanda shafukan intanet ke bi, ya manta da ta 53, wadda kwamfuta ke bi ta tambayi adireshin sunan da aka rubuta mata. Sai shafi ya ƙi buɗewa, a yi ta zagin kamfanin waya, alhali ba ruwansa.

Idan abu ya cije, mai gyara ba ya fara da goge-goge. Yakan fara aika ɗan saƙon gwaji da ake kira ping, ya ga ko hanya na nan. Sa'an nan ya rubuta show access-lists, rauta ta nuna masa sau nawa kowane layi ya kama saƙo. Layin da ƙidayarsa ba ta motsi, ko dai wani na sama ya sha gabansa, ko an ɗora jerin a bakin da ba shi ba, ko an sa shi tsaron masu fita maimakon masu shiga.

Mai gyara daga nesa kuwa sai ya yi hattara ƙwarai. In ya rubuta dokar da ta haɗa da tasa kwamfutar, rauta za ta rufe shi waje nan take, sai ya taso da ƙafarsa ya zo ya jona mata waya.