Shirin Musamman: 'Yan Makarantar Kashmere da Kiɗan Funk

Yau shirin namu zai kai mu birnin Houston na jihar Teksas a Amurka, wata unguwa ta baƙaƙen fata da ake kira Kashmere Gardens. A makarantar sakandaren unguwar aka yi wasu ɗalibai, yawancinsu ba su kai shekara 18 ba, waɗanda kiɗansu ya sa manyan makaɗa suka jinjina musu.

A zamanin waɗannan ɗalibai, makarantun Amurka da dama suna da ƙungiyar makaɗa, kuma ana haɗa su gasa. Abin da aka saba ji a wurin gasar shi ne tsofaffin kiɗe-kiɗen jazz, yara na zaune a natse, kowa ya ƙura wa takardarsa ido. Malamin kiɗa na Kashmere, Conrad Johnson, wanda ɗalibansa ke kira Prof, shi kansa gwanin busa saksofon ne, kuma a jazz ya goge. Amma ya lura abin da yaran ke so daban ne. Da an tashi darasi sai su koma kiɗan James Brown, wato funk. A 1967 ya halarci wasan mawaƙi Otis Redding, ya ga yadda makaɗa ke motsa taro, ya dawo da shawarar canja salo.

To mene ne funk ɗin? Kiɗa ne da ganga da jita mai kaurin murya ke jan ragamarsa, ana sauke nauyi a kan bugun farko, masu busa kuma su riƙa shigowa a gajarce, kamar 'yan amshi. Johnson bai sassauta wa yaran ba don ya ba su abin da suke so. Shi yake rubuta musu kiɗan da kansa, dole kowa ya iya karanta shi, a yi ta maimaitawa har ya zauna. Sannan ya bar su su miƙe tsaye, masu busa suna juya ƙahonninsu dama da hagu a tare, suna taka rawa ba tare da kuskuren ko sauti ɗaya ba. A ganina nan ne gwanintar malamin take, domin barin yara su yi kiɗan zamani ba wuya, wuyar ita ce a sa su yi shi da tsari.

Daga 1969 zuwa 1977 sun shiga gasa 46, sun lashe 42. A 1972, a garin Mobile na jihar Alabama, aka zaɓe su a matsayin ƙungiyar makaɗan sakandare mafi ƙwarewa a ƙasar. Sun je Turai, sun je Japan, sun kuma buga faifai takwas. Johnson ya yi ritaya a 1978, daga nan ƙungiyar ta watse.

Shekaru suka shuɗe, sai masu farautar tsofaffin faifan garmaho suka gano su, har farashin faifan ya yi tashin gwauron zabi. A 2006 kamfanin Now-Again ya tattara kiɗan ya sake fitarwa. A watan Fabrairun 2008 kuma tsofaffin ɗaliban, wasunsu sun yi shekara talatin ba su taɓa kayan kiɗa ba, suka taru suka yi wa malaminsu wasa yana zaune yana kallo. Kwanaki kaɗan bayan haka ya rasu yana da shekara 92.

Mai son ganin yadda taron ya kasance sai ya nemi fim ɗin Thunder Soul, wanda Jamie Foxx ya ba da labarinsa. Yanzu kuma ku gyara zama, ga kiɗan yaran Kashmere nan tafe. A yi sauraro lafiya.