Garejin Baleyara: Sauya Motar Kaya da Shige da Ficen Masu Koyon Sana'a

Baleyara, hedikwatar gundumar da ke ɗauke da sunanta a jihar Tillaberi, tana cikin Dallol Bosso, kimanin kilomita 100 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar ƙasa mai lamba 25 wadda ta bi ta Bonkuku ta kai Filinge da ƙasar Kurfai. Kasuwarta ta ranar Lahadi, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijar, tana tara Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Kurfayawa, kuma da yake mafi yawan mahalartanta daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba suke fitowa, rayuwar garin ta rataya a kan motar da za ta ɗauki mutum da buhunsa da akuyarsa a sawu guda.

Irin wannan mota ba a sayo ta a shirye, a gareji ake haɗa ta. Gareji a nan fili ne mai rumfar kwano inda makanike da mai walda da mai gyaran jikin mota da mai aikin waya suke zaune tare, kowa da kwastomominsa da yaransa, amma suna tarayya a kan injin walda da janareta da jak, suna kuma raba kuɗin haya da na mai. A Turai da Amurka akwai ɗakunan ƙira na al'umma da suka yi kama da wannan, inda mutum ke biyan kuɗin wata don ya yi amfani da kayan aikin da ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma wasu daga cikin masu zuwa can suna mai da motar kaya ɗakin kwana don yawon shaƙatawa. A Baleyara sauyin na neman abinci ne, kuma danginsa na kusa su ne maƙeran kasuwar Katako ta Yamai da na Suame a Kumasi.

Aikin yakan fara ne da tsohuwar Toyota Hiace wadda ta gama zamaninta a Turai tana dakon kaya, ta iso babu kujeru a bayanta, wani lokaci ma babu tagogi. Mai gyaran jiki yakan zana wurin taga da alli, ya yanke ƙarfen, ya goge bakinsa don kada ya yanki fasinja, sannan mai walda ya ƙera sawun kujeru da ƙarfe mai kusurwa, ya ɗaure su da ƙasan motar a matse har ta ɗauki mutum 19. Daga nan sai a koma sama, inda ake kafa kariya, wato shimfiɗar ƙarfe mai shinge da ake ɗaure buhuna da tumaki a kanta, tare da tsani a baya. Kuma saboda nauyin da za a ɗora ya wuce abin da masana'anta ta tanada, makanike yakan ƙara ganye a sifirin baya, wato faifan ƙarfen da ke riƙe nauyi a kan ƙafafun motar. Aikin yakan ja lokaci, domin mai mota ba ya biya gaba ɗaya, sai ya sayar da bijimi ko ya sami aiken ɗan'uwa daga waje.

A nan ne matsalar masu koyo take fitowa. Yaro yakan shigo gareji ta hannun mahaifinsa ko kawunsa, wanda ke danƙa shi ga maigida, wato ƙwararren da zai koya masa, bisa amana ba bisa takarda ba. Yakan fara da shara da wanke ƙarafa da miƙa sifana, ya daɗe kafin a ba shi izinin riƙe bakin walda, kuma ba shi da albashi sai kuɗin abinci da abin da kwastoma ya miƙa masa. Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni, gonar gero takan janye shi zuwa gida, bayan girbi kuwa cin rani yakan kira shi zuwa Yamai ko Nijeriya ko Abijan ko Libiya, kamar yadda matasan yankin suka saba tun zamanin da kakanninsu ke tafiya Kumasi da Akra.

Illar wannan shige da fice ta fi bayyana a kan dogon aiki. Motar da wani yaro ya auna kujerunta, wani ne daban zai ƙarasa ta, kuma da yake ma'aunin yana cikin kan wanda ya tafi, sai a sake awo, ƙarfe ya salwanta, walda ta fito ba daidai ba, alhali raunin walda a kariyar da ke ɗauke da lodi batu ne na rai. Maigidan da ya sha ganin yaransa suna tafiya da zarar hannunsu ya faɗa yakan riƙe sirrin sana'a, riƙewar kuma ita ke ƙara korar masu saura. Rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya toshe hanyar Kwatano da motoci da kayan gyara suka saba bi, da rashin tsaron da ya rage zirga-zirga a arewacin Filinge, sun ƙara tsananta lamarin, domin garejin da aiki ya yi wa ƙaranci ba ya iya ciyar da yara da yawa.

Duk da haka tafiyar ba asara ce zalla ba, tun da wanda ya dawo daga manyan garejin bakin teku yakan zo da sabuwar dabara, wani ma da injinsa. Abin da ya rage shi ne tsari: yarjejeniya rubutacciya tsakanin maigida da iyaye wadda ta amince da hutun damina, ta kuma ƙayyade shekarun koyo, da littafin da ake rubuta awon kowace mota, da takardar shaida ga wanda ya kammala. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi da asusun FAFPA, wanda gwamnati ta kafa don tallafa wa koyon sana'a, su ne suka fi cancanta su jagoranci wannan aiki, kuma ya kamata su fara da garejin da ke bakin hanya, domin a can ne yawancin matasan Baleyara suke koyon aikin ƙarfe.