Yadda Za Mu Raba Hatimin Roba da Katakonsa Domin Sauƙin Ajiya

A watan Nuwamban da ya wuce mun ziyarci wata ƙungiyar mata da ke yin katin gaisuwa da hannu, suna sayarwa lokacin Kirsimeti. Da ma'ajiyarsu ta jawo kwalin hatimai daga ƙarƙashin benci, sai gindin kwalin ya zube. Ashe gara ta shiga tun cikin damina. Ta cinye katakon hatimi fiye da ashirin, wasu ma ɓawo kaɗai ya rage. Mata suka yi jugum, har an fara maganar a kwashe a kai juji. Muka ce a dakata tukuna. Da muka kakkaɓe ƙasar, sai ga robar kowane ɗaya tana nan lafiya: tauraro, kurciya, fure da haruffa. Katako gara ta zo ci, robar ba ta dame ta ba.

Wannan ya tuna mana cewa darajar hatimi tana jikin robar. Katakon abin riƙewa ne kawai. Idan muka raba su, hatimai ɗari za su shiga inda goma sha biyar ko ashirin suke cika a da. Ga bayanin yadda ake yi, da kuma irin hatimin da bai kamata a taɓa ba.

Daga ina wannan dabara ta fito?

A shekarar 1844 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya sami takardar mallakar dabarar dafa roba da farar wuta. Robar da aka dafa haka ba ta yin danƙo in ana zafi, ba ta kuma sandarewa in ana sanyi. Tsakanin 1860 da 1870 aka fara yin hatimin ofis da ita a Amurka. Daga baya, wajen 1970 zuwa 1980, mutanen can suka mai da buga hatimi sana'ar hannu, suna ƙawata kati, ambulan da littafin hotuna. Kamfanoni irin su Stampin' Up!, wanda aka kafa a 1988, suka riƙa sayar da hatiman ado manne a kan katako.

Ba a daɗe ba masu sana'ar suka ga ɗakunansu sun cika da katako. Su ne suka fara ɓare robar suna ajiye ta ita kaɗai, in za su yi aiki sai su manna ta a kan mariƙi guda ɗaya. Irin waɗannan hatimai sukan iso wurinmu cikin kayan kyauta na makaranta ko cikin kayan gwanjo, wasu kuma masu yin hatimi na birni ne suke yanka mana. Matsalarsu ta rashin wuri ce. Tamu ta fi haka, domin ga gara, ga laimar damina da ke kumbura katako, ga hunturu da ke tsaga shi.

Sassan hatimi guda uku

Ku ɗauki hatimin ado ku dube shi ta gefe. A ƙasa akwai robar da ke ɗauke da hoton, yawanci ja ce ko mai ruwan toka. A tsakiya akwai siririn soso, wanda ke sa tawada ta kwanta daidai a kan takarda. A sama akwai katako, da hoton hatimin a bayansa. Gam ne ya haɗa su ukun.

Kaurin katakon yakan kai santimita 2, roba da soso kuwa kamar rabin santimita ne. Hatimai goma da katakonsu, in an ɗora su kan juna, sun kai santimita 25. In babu katako, santimita 5 ne kawai. Ban da haka, katakon yakan fi hoton faɗi, kuma shi ne mai nauyi. Malamar makarantar Lahadi da ke zagaya ƙauyuka a kan mashin ta san bambancin kwali da ambulan.

Kayan da ake bukata

Tukunya mai murfi da ruwan zafi, tsumma mai tsabta, wuƙar da ba ta da kaifi ko bayan cokali, almakashi mai kaifi, tsohon buroshin haƙori, sabulu kaɗan, takarda, gwangwanin tawada, biro, da littafin rajista.

Mataki na 1: A buga hoton tukuna

Kafin a taɓa komai, a buga kowane hatimi sau biyu: ɗaya a littafin rajista, ɗaya a guntun takarda. A ba shi lamba. Wannan wajibi ne, domin hoton da ke bayan katako zai tafi da katakon, ita kuwa roba a juye take, rubutun da ke kanta ba ya karantuwa da sauƙi. Bayan haka a wanke fuskar robar da buroshi da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe a inuwa.

Mataki na 2: A ɗumama gam

Zafi ne ke sa gam ya saki. A ƙasashen waje sukan yi amfani da na'urar busar da gashi, ko su sa hatimin a na'urar ɗumama abinci kamar daƙiƙa 10. Inda babu lantarki, a tafasa ruwa, a sauke tukunyar, a shimfiɗa tsumma a kan murfin, sannan a kifa hatimin, robar tana ƙasa. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Zafi ba ya ratsa katako da sauri, shi ya sa muke ɗumamawa ta gefen roba.

Kada ku ji tsoron wannan zafi. Ana dafa robar hatimi a zafin da ya kai kusan digiri 150, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Amma kada a kai hatimi kusa da garwashi ko harshen wuta. Akwai kuma wani irin hatimi da ake ganin haske ta cikinsa, mai kama da daskararren kamu, wanda ake kira folima. Shi ba ya son zafi ko rana. A ɓare shi da sanyinsa, a hankali.

Mataki na 3: A ɓare

A sa bakin wuƙa marar kaifi tsakanin soso da katako, a ɗaga kusurwa ɗaya, sannan a ja da yatsu sannu sannu. In ya yi tauri, a mayar kan murfi. Kada a fizga. Robar da aka ja da ƙarfi takan miƙe, hoton ya karkace, wani lokaci ma ta yage. In tsohon soson ya fito lafiya kuma bai rududduge ba, ana iya barinsa a jikin robar. In ya lalace, a cire shi duka.

Mataki na 4: A goge ragowar gam

A murza bayan robar da babban yatsa. Gam ɗin zai riƙa naɗewa yana fita kamar dauɗa. Aikin yana cin lokaci, amma shi ne hanya mafi lafiya. Muna roƙonku kada a yi amfani da kananzir, fetur ko man inji. Roba tana shan su, ta kumbura, ta yi laushi, hoton ya lalace har abada. Da an gama, a rubuta lambar hatimin a bayansa da biro.

Mataki na 5: A shirya yadda zai manne

Robar da babu katako tana bukatar mariƙi lokacin aiki. Mafi kyau shi ne guntun gilashin roba mai kauri, wanda ake kira akirilik. Tun da ana ganin takarda ta cikinsa, mutum yana ganin daidai inda zai buga, abin da katako ba ya bari. Masu yin allon talla a birni sukan sami ragowar yanka. A nemi mai kaurin rabin santimita ko fiye, a goge gefensa da sanfefa. Guda uku sun isa ƙungiya: ƙarami, matsakaici da babba. Kada a yi amfani da gilashin taga, zai iya fashewa a hannu.

Hanyoyin mannawa uku ne.

Ta farko, soso mai manne kansa, irin wanda ake sayarwa da sunan EZ Mount. Fuska ɗaya tana da gam, ita ake liƙa wa bayan roba. Ɗaya fuskar mai santsi ce, tana kama akirilik ba tare da gam ba, kuma tana fita in an ɓare. Bayan an liƙa, a yanke kewaye da almakashi a tsaye. In almakashin ya karkata ya ci soson da ke ƙarƙashin hoton, gefen hoton ba zai fito ba. Wannan hanya ta fi kyau, sai dai da wuya a sami soson a kasuwar ƙauye.

Ta biyu, gam da ba ya bushewa ƙurmus, irin su Aleene's Tack-It Over & Over. Ana shafa shi kaɗan a bayan roba, a bar shi ya kwana. Zai zama mai danƙo, ana mannawa ana cirewa sau da yawa.

Ta uku ita ce mafi araha. A bar robar haka nan, in za a yi aiki a manna ta da salatif mai fuska biyu. Tun da babu soso a bayanta, sai a sa abu mai laushi a ƙarƙashin takarda, kamar tsohuwar mujalla ko jaridu da aka ninka. Ƙungiyar da muka ziyarta da wannan hanya ta yi katunanta.

Yadda za a ajiye

Tsohon gidan faifan CD ko DVD yana da kyau ƙwarai. In aka cire abin da ke riƙe faifan, ƙananan hatimai da dama za su kwanta a ciki. A liƙa takardar da aka buga hotunan a kan murfin, a rubuta suna a gefe: furanni, dabbobi, haruffa, Kirsimeti. In babu gidan faifai, ambulan mai kauri ya isa. A zuba duka cikin gwangwanin biskit ko bokitin roba mai murfi saboda ɓeraye da kyankyasai.

Abokan gabar roba huɗu ne: rana, zafi mai daɗewa, mai, da nauyi. Kada a ajiye a bakin taga, ko a sama kusa da rufin kwano, ko kusa da janareta. Kada a ɗora littattafai a kai. Wasu ledoji masu laushi suna manne wa soso in sun daɗe tare, don haka a riƙa dubawa kowane wata. Ƙananan hatimai kuma a nisanta su da yara masu rarrafe, kada su haɗiye.

Katakon da gara ba ta taɓa ba, kada a ƙone shi. A goge shi, a rubuta haruffa ko lambobi a kai, ya zama kayan koyarwa a ajin ƙananan yara.

Hatimin da ba za a taɓa ba

Wannan dabara ta hatiman ado ce da na koyarwa. Hatimin ikilisiya, na makaranta, na asibiti ko na ƙungiya, a bar shi da katakonsa. Irin wannan hatimi shaida ne. Duk takardar da ya hau, mutane za su ɗauka da yawun shugabanni aka rubuta ta. Muddin yana da katako, in ya ɓace za a gane nan da nan. Guntuwar roba kuwa tana shiga aljihu, ta fita ta dawo ba wanda ya sani, kuma takardar bogi guda ɗaya ta isa ta ɓata sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Haka ma hatimin ƙungiyoyin adashe. Tsarin da ƙungiyar CARE ta faro da Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991 ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi yanzu, kowane bugu a littafin mamba yana nufin kason kuɗi ɗaya da ta zuba. Wannan hatimi daidai yake da kuɗi. Wurinsa cikin akwatin ƙungiya mai kwado uku, ba a fito da shi sai a gaban taro. In gara ta ci katakonsa, a kai wa mai yin hatimi ya sa sabo, mutum biyu su raka shi.

A kuma bar katako a jikin hatiman da ƙananan yara ko tsofaffi ke bugawa, domin ya fi musu sauƙin riƙewa. Robar da ta riga ta sandare ta fara tsagewa, ita ma a bar ta, ɓarewa zai ƙarasa ta ne.

Shawararmu ita ce ku fara da hatimi biyu ko uku da ba ku damu da su sosai ba. In hannu ya saba, sai a sa rana a zauna tare: wata tana buga hoto, wata tana ɗumamawa, wata tana goge gam, wata tana rajista. A yi wannan aiki cikin rani, kafin ruwan farko ya ta da gara.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Hatimai nawa ƙungiyarmu take da su, kuma a ina suke kwana yanzu?
2. Waɗanne ne na ado, waɗanne ne na shaida?
3. Wa ke riƙe da hatimin shaida, kuma wa zai gane in an yi amfani da shi ba da izini ba?
4. Waɗanne kayan aiki ne kuma muke ajiyewa a ƙasa cikin kwali?

In kun gwada, ku gaya wa ma'aikacinmu da ke zagaya yankinku yadda ta kasance, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da ku.