Zigbee, Wi-Fi ko Matter: Me Zai Yi Aiki a Doka Idan Layi Ya Ɗauke?

Matashin da ke zaune a Doka, kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat a Sudan, yana son ya haɗa na'urar da za ta kunna fitila ko famfon ruwa daga wayarsa, sai ya fara cin karo da maganganu kafin ya taɓa waya ko ƙusa. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa shaci-faɗi ne irin na masu talla.

Wadda ta fi yawo ita ce wai duk na'urorin nan ba sa motsi sai da intanet. Tsoron yana da tushe. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk sun ɗauke a Sudan, har masu biyan kuɗi da manhajar Bankak suka rasa yadda za su yi. Kuma yawancin ƙananan soket masu araha da ke aiki da Wi-Fi sai sun aika umarninka zuwa wata kwamfuta a ƙasar waje kafin ya dawo ɗakin da kake zaune. Layi na yankewa, sun zama ado. Amma laifin na tsarin kamfanin ne. Zigbee da Z-Wave da Thread suna magana ne tsakanin na'ura da na'ura a cikin gida, ta wani ɗan akwati da ke jagorantar su. Wi-Fi ɗin kansa yana aiki ba intanet, idan mai haɗawa ya rubuta manhajarsa ta tsaya a gida.

Sai masu cewa Matter ya zo, komai ya zama tsohon yayi. Ba haka ba ne. Matter, wanda ya fito a Oktoban 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, yare ne na fahimtar juna, ba sabon zangon rediyo ba. Kan Wi-Fi ko Thread ko kebul yake hawa. Don haka zaɓin rediyo yana nan daram.

Batun batir gaskiya ne tsantsa: Wi-Fi mai ci ne. Na'urar da ke lura da buɗe ƙofa, idan ta Zigbee ce, ɗan batir mai faɗin kwabo yana iya kai ta shekara. Gudunta kilobit 250 ne kacal a daƙiƙa, ba ta ɗaukar bidiyo, amma "an buɗe" ko "an rufe" ai ba dogon zance ba ne.

Inda nake ganin an fi ruɗar mutane shi ne nisa. Ana cewa tunda na'urorin Zigbee suna miƙa wa juna saƙo, za su kai har gonar riɗi. A cikin gida mita goma zuwa ashirin ake samu tsakanin biyu, katanga mai kauri da kwanon rufi kuma suna rage wannan. Ga wani abin da dillali ba ya faɗa: masu miƙa saƙon su ne waɗanda ke jone da wuta, masu batir barci suke yi. Wuta na ɗaukewa, sarƙar ta tsinke, sai fa idan an ɗora su kan batirin sola. Gonakin dawa da riɗi na Gadarif kuwa faɗinsu ya wuce nan nesa ba kusa ba. Aikin LoRa ne wannan, wanda ke kai ɗan gajeren saƙo kilomitoci a fili ba tare da layin kowane kamfani ba.

Akwai kuma gargaɗin da ya kamata a ɗauka da gaske, cewa kayan Z-Wave na Amurka ba sa jituwa da na Turai. Na farko yana kan megahaz 908, na biyu 868. Soket ɗin Amurka ma na wutar bolt 120 ne, ta Sudan kuwa 230 ce, in ka jona yana iya ƙonewa.

Mai koyon haɗa na'ura da guntun lantarki na ESP32 na yau da kullum yana da Wi-Fi da Bluetooth a hannu. Idan Zigbee ko Thread yake so, sai ya nemi ESP32-C6 ko H2 tun wurin saye.