Tabo a Jikin Karfasa: A Duba Ruwa Kafin a Sayi Magani

Kiwon kifi ya shigo har lungunan cikin birnin Kano. A unguwanni irin su Yakasai da Mandawari za ka iya shiga gida ka tarar da tankin roba an yanke masa kai an ajiye a gefen tsakar gida, ko tamfol an ɗaure shi da katako. Yawanci tarwaɗa ce a ciki, amma akwai masu gwada karfasa, akwai kuma masu akwatin gilashi a falo da 'yan uwanta na ado, masu launin shuɗi da rawaya, waɗanda asalinsu Tafkin Malawi ne. Dangi ɗaya ne, ciwonsu ma kusan ɗaya ne. Kukan da aka fi ji daga masu su shi ne, "Malam, kifina ya yi ƙuraje, wane magani zan zuba?" A ganina tambayar ta yi gaggawa.

Ba kowane tabo ne cuta ba. 'Ya'yan karfasa kan fito da baƙin ɗigo a ƙarshen ƙayar bayansu, ya dushe idan sun girma. Jar karfasa ta haɗin iri takan zo da dabbare-dabbaren baƙi tun daga ƙyanƙyasa. Mazan kifin Malawi da yawa suna da ɗige-ɗigen rawaya masu siffar ƙwai a fiffiken da ke kusa da wutsiya, kuma adon neman mace ne. Kifin da yake ci, yake iyo garau, a ƙyale shi.

Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne farin ɗigo mai girman ƙwayar gishiri, wanda yakan fara a wutsiya da fiffike kafin ya bazu. Tun kafin ido ya gan shi, za ka ga kifin yana goga gefensa a jikin tanki da sauri, ya naɗe fiffike, ya koma gefe guda. Wata 'yar halitta ce mai suna Ichthyophthirius, wadda wani Bafaranshe, Fouquet, ya bayyana a 1876. Sanin yadda take rayuwa shi ne rabin maganin. Tana shigewa ƙarƙashin fatar kifi ta yi ta ci, kuma a nan ba abin da za ka zuba ya taɓa ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo gindin tanki, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Waɗannan 'ya'yan ne suke fitowa neman jikin da za su hau, kuma wanda bai samu ba cikin kwana biyu ya mutu. A wannan ɗan tsakanin kaɗai magani yake kama su. Shi ya sa mutum zai ga tabo ya ɓace ya ce an warke, bayan 'yan kwanaki ya dawo ninki.

Idan ruwa yana da ɗumi, zagayen nan ba ya wuce mako guda. Da hunturu kuwa yakan ja zuwa makonni, kuma a lokacin ne karfasa ta fi rauni, domin da zarar ruwa ya sauka wajen digiri 16 takan bar cin abinci. Ƙaramin tanki a fili, cikin Disamba da Janairu, ya fi Dam ɗin Tiga saurin yin sanyi nesa ba kusa ba. A rufe shi da daddare.

Sauran alamomin ba su da wuyar rarrabewa. Farin abu mai gashi-gashi, curi guda, naman gwari ne da ya hau kan rauni, shi ma ɗan sanyi ne. Toka-tokan shafi a gadon baya tare da cinyewar fiffike da baki aikin bakteriya ne, ya fi yawa da zafi. Baƙaƙen ɗigo masu ɗan tudu tsutsa ce da take bi ta dodon koɗi da tsuntsayen ruwa, saboda haka an fi ganinta a kifin da aka kamo daga dam ko kududdufi, kuma ba ta tsallakawa daga kifi zuwa kifi. Ɓawo da ya ɓare da yagaggiyar wutsiya kuwa cizo ne.

Yawancin hanyoyin nan wuri ɗaya suke kai mu: cunkoso. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lissafin tarwaɗa a ɗora wa karfasa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sama da ita, don haka takan jure ruwan da ya lalace. Karfasa ba ta da wannan gatan, iskar da ke cikin ruwa ce duk abin dogaronta. A tafkin ƙasa marar injin iska, biyu zuwa uku ake sa wa kowace murabba'in mita. Idan kana son sanin ko ka wuce gona da iri, leƙa tankin bayan sallar asuba. Ka same su sun taru a sama suna haɗiyar iska, to sun yi yawa. Kashinsu da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma ta ƙone wurin numfashinsu ta ɓata yauƙin da ke kare fata. Ga kuma 'ya'yan waccan halittar, da a babban ruwa yawancinsu za su mutu ba su sami kifi ba, a matsattsen tanki ko'ina suka juya jiki ne.

Masu kifin ado za su ce ai a Turai da gangan ake cika akwati da kifin Malawi, don kada namiji ɗaya ya sa wa wani ƙahon zuƙa. Gaskiya ne, amma su matatar ruwansu ba ta tsayawa dare da rana. A gidan da za a ɗauke wuta a kwana babu, dabarar nan kisa ce.

Na san canjin ruwa ba wasa ba ne a cikin birni. Tanki mai lita 1,000 jarka 40 ne masu lita 25, sauya kashi ɗaya cikin uku kuwa ya kai jarka 13 daga hannun mai ga-ruwa. Da wannan ya kamata a fara lissafi: ruwan da za ka iya saye duk mako shi zai yanke yawan kifin da za ka zuba, ba faɗin tankin ba.

Idan farin ɗigon ya riga ya fito, a tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, a zuƙe dattin gindi da tiyo, a sauya ruwa. In na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe. Sai gishiri, giram 2 zuwa 3 a kowace lita, wato kilo 2 zuwa 3 a wancan tankin, a narkar da shi a zuba a hankali. Karfasa tana jure shi sosai. A riƙe hakan kamar mako biyu, ana mayar da gishirin ruwan da aka zubar. Fasa kafso mai ja da rawaya a ciki asarar kuɗi ce, tunda wannan halitta ba bakteriya ba ce. Koren maganin nan malachite green yana aiki a kifin ado, amma Amurka da Tarayyar Turai sun hana sa shi ga kifin ci, don haka kada ya kusanci abin da zai shiga tukunya. Sabon kifi kuma ya yi mako biyu zuwa huɗu a wata roba, da ragarsa daban. Idan suna mutuwa da yawa, ido ya kumbura, suna juyi a ruwa, abin ya wuce gishiri, a kai wa likitan dabbobi.

Karfasa kuma da kanta take cika tanki. Mace takan fara haihuwa tun tana wata biyar ko shida, ta goya ɗaruruwan ƙwai a bakinta, ta sake bayan 'yan makonni. Mai hamsin a farkon damina zai iya wayar gari da tarin ƙanana da ba sa girma. Manoman da suka ƙware maza zalla suke saye, wasu kuma su jefa tarwaɗa ɗaya ko biyu ta riƙa cinye 'ya'yan.