Farashin Manhajojin Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa: Tsakanin Zumunci da Sana'a a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa ita ce wadda ke ba mutum damar ganin fuskar wata kwamfuta da juya ta ta intanet, ko da yana wani gari. Fitattu daga cikinsu su ne TeamViewer, wadda ta fito a 2005, da AnyDesk, wadda ta biyo baya a 2014, dukkansu daga Jamus. Amfaninsu a fili yake a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda matsalar 'yan bindiga ta sanya tafiya ta zama kasada. Mai gyara da ke zaune a Funtuwa zai iya warware matsalar kwamfutar wani shago a Faskari ba tare da ya hau mota ba, muddin akwai layin sadarwa, wanda aka taɓa katse shi a waɗannan ƙananan hukumomi a watan Satumba na 2021.

Kamfanonin sun kasa masu amfani gida biyu. Mai amfanin ƙashin kansa kyauta yake samu, mai sana'a kuwa sai ya biya kuɗin lasisi, gwargwadon yawan ma'aikata da na'urori. Hikimar ita ce kyautar ta yaɗa manhajar, 'yan kasuwa kuma su ɗauki nauyinta. Da yake kuɗin ƙasashen waje ne ma'aunin farashin, nauyin ya ƙaru bayan sakin Naira a watan Yuni na 2023, har Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024.

Sai dai wannan rabo bai zauna daidai da rayuwar Bahaushe ba, domin a wajensa gida da sana'a a cakuɗe suke. Ɗalibin da ya gyara wa yayansa kwamfutar shagon buga takardu zumunci ya yi, bai karɓi ko sisi ba. A ƙa'idar lasisi kuwa aikin na kasuwanci ne, tunda na'urar ta neman kuɗi ce, kuma manhajar na iya taƙaita lokacin haɗin idan ta yi zargin haka.

A nan ne masu fassara ke da aiki. “Amfanin kai” na iya ruɗar mai karatu, domin Bahaushe na sanya ɗan'uwansa da shagonsa cikin “kai”. Wannan maƙala na ganin “amfanin da bai shafi neman kuɗi ba” ya fi fito da manufar, saboda ya ɗora ma'aunin a kan aikin da na'urar ke yi, maimakon dangantakar mutanen biyu.